Yadda Ake Auna Faɗin Silinda da Tafiyar Fistin Kafin a Kai Inji Borin

Wata Asabar cikin hunturun da ya wuce wani matashi ɗan acaɓa ya turo mashin ɗinsa har bakin rumfarmu a nan wajen Ƙofar Ƙaura, bakin salansa ya jiƙe sharkaf da baƙin mai. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Baba, borin nake so a yi mini, a kai shi na ƙarshe gaba ɗaya don ya ƙara ƙarfi. In na ɗauko mutum da buhu daga Ajiwa kuka kawai yake yi, ba ya ja."

Borin dai shi ne yanke ramin silinda a ƙara masa faɗi, a sa fistin da ya ɗan fi girma. Na ce, "To ɗana, yanzu a wane borin yake?" Bai sani ba. Na ce, "Faɗin silindarsa nawa ne?" Ya ce 125.

Ba shi kaɗai ke ba da wannan amsar ba, har cikin yaran gareji akwai masu ba da ita. Wannan 125 ɗin ba faɗi ba ne, cikin inji ne, wato yawan iskar da fistin ke sharewa daga sama zuwa ƙasa, wanda ake rubutawa da cc. Abu biyu ne suka haife shi. Akwai faɗin ramin da fistin ke kai-komo a ciki, wanda makanikai ke kira boa. Akwai kuma nisan da fistin ke yi daga ƙololuwar hawansa zuwa ƙarshen saukarsa, wanda suke kira sitirok, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa tafiya. Inji biyu na iya zama cc ɗaya amma halinsu ya sha bamban, domin ɗaya mai faɗi ne gajere, ɗayan siriri ne dogo. Wanda bai san waɗannan lambobi biyu na injinsa ba, a duhu zai sayi fistin, a duhu kuma zai biya kuɗin borin.

Kayan aikin ba su da yawa. Ma'aunin baniya, wannan mai baki biyu da tsinke da ke fitowa ta gindinsa. Fila geji, mai siraran ƙarafa da ake auna rata da su. Tsumma mai tsabta, ɗan kananzir, biro da takarda, sai kalkuletar da ke cikin wayarka. Inji kuma ya huce sarai, domin ƙarfe mai zafi ya buɗe, ma'auni zai yi maka ƙarya.

Da farko, karanta jikin injin

Kafin ka taɓa sifana, goge gefen injin ka nemi lambar da aka buga masa. Yawancin mashinan da ake kawowa daga Sin suna ɗauke da lamba irin su 156FMI ko 162FMJ. Lambar farko tana nufin silinda ɗaya, biyun da ke bin ta kuma su ne faɗin silinda a milimita, a dunƙule. Saboda haka 156FMI faɗinsa wajen 56 ne, ainihinsa 56.5, irin na Honda CG125 da aka kwaikwaya. 162FMJ kuwa faɗinsa 62. Haka injin ban-ruwa ko janareto da aka rubuta wa 168F, faɗinsa 68. Wannan kaɗai ya isa ya ba ka haske kan abin da za ka tarar a ciki.

Na biyu, auna faɗi

Cire fulogi, kwance tof silinda, wato murfin saman silinda, ka ajiye gaskit a gefe. Juya inji da hannu har fistin ya sauka ƙasa. A can saman ramin za ka ga wani ɗan leɓe, inda zoben fistin ba ya kaiwa. Kankare baƙin hayaƙin da ya daskare a wurin, ka goge da kananzir, sannan ka sa ƙananan bakin baniya ka auna. Tunda zobe bai taɓa cin wurin ba, abin da ka samu shi ne ainihin girman da aka yanka ramin. Idan injin irin CG125 ne kuma ka ga 56.5, yana sitanda. Idan ka ga 56.75, an taɓa yi masa borin sau ɗaya. 57 na biyu ke nan, 57.25 na uku, 57.5 na ƙarshe. Goge kan fistin ma ka duba, sau da yawa an buga masa STD ko 0.25 ko 0.50. A motoci za ka ji tsofaffin makanikai na cewa 010, 020, 030, 040. Lissafin inci ne, kuma 010 daidai yake da kusan 0.25 na milimita, saboda haka magana ɗaya ce.

Amma leɓen nan ba zai gaya maka cin da silinda ta yi ba, kuma bakin baniya gajere ne, ba ya kaiwa ciki. Masu injin borin suna da ma'auni mai agogo da ake zurawa cikin rami, shi ne mafi inganci. In babu shi, ga dabarar da maigidana ya koya mini, wadda har yau ba ta ba ni kunya ba. Zare bulok ɗin, ɗauki zobe guda ɗaya, sa shi cikin ramin, ka tura shi da kan fistin domin ya zauna daidai ba a karkace ba. Fara da ɗan ƙasa da leɓen, ka auna ratar bakin zoben da fila geji, ka rubuta. Tura shi tsakiya, auna. Tura shi can ƙasa inda zobe ba ya aiki, auna. A ce a ƙasa ka sami 0.30, a sama kuma 0.60. Bambancin 0.30 ne. Raba shi da 3.14, ya ba ka kusan 0.10. Wato saman ramin ya fi ƙasansa faɗi da kashi ɗaya cikin goma na milimita. A ƙaramin inji irin na mashin, wannan ya kai iyakar da ake cewa a yi borin. Littafin kowane inji yana da tasa iyakar, in kana da shi ka bi shi.

Silinda ta fi ci a sama, domin nan ne wuta da matsi suka fi yawa, mai kuma ya fi ƙaranci. Ba ta kuma ci daidai ta kowane gefe. Ɓangaren da kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, ke jingina fistin a kai ya fi cinyewa, sai ramin ya koma kamar ƙwai. Shi ya sa in an sami ma'auni mai agogo ake aunawa ta fuska biyu a kowane zurfi, ta layin fin ɗin fistin da kuma ta gicciyensa. Sa farcenka ma ka shafa bangon. Duk zanen da farce ya maƙale a cikinsa, sabon zobe ba zai rufe shi ba.

Na uku, auna tafiya

Wannan ya fi sauƙi. Bulok na zaune a wurinsa, ka danne shi kada ya ɗaga. Juya inji har fistin ya kai ƙarshen sauka, inda za ka ga ya tsaya cak na ɗan lokaci kafin ya juyo. Kafa gindin baniya a bakin bulok, sauke tsinken har ya taɓa gefen kan fistin, rubuta. Juya har ya kai ƙololuwa, auna a daidai wurin da ka auna ɗazu. Cire ƙarami daga babba, abin da ya rage shi ne tafiya.

Ka riƙe wannan da kyau: tafiya ba daga fistin take ba, ba kuma daga tsawon kwanrod ba. Kiranshaf ne ke yanke ta. Nisan da ke tsakanin tsakiyar kiranshaf da tsakiyar fin ɗin da kwanrod ke riƙe, ninki biyunsa shi ne tafiya. Borin ba ya taɓa ta ko kaɗan. Kada kuma a rikita ta da maganar tu-sitirok da fo-sitirok, can ana ƙirga sau nawa fistin ke hawa da sauka kafin wuta ta sake tashi ne, ba tsawon tafiyar ba.

Na huɗu, buga lissafin

Faɗi sau faɗi, sau 0.7854, sau tafiya, a raba da 1000. In silinda ta fi ɗaya, a ninka da yawansu.

CG125: 56.5 × 56.5 × 0.7854 × 49.5 ÷ 1000, ya ba da 124. Ɗan'uwansa mai faɗin 62, tafiyarsu ɗaya, 49.5, ya ba da 149. Wato faɗi kawai aka buɗe 125 ya koma 150. Injin ban-ruwa kuwa akasin haka aka yi masa. Honda GX160 da GX200 duk faɗinsu 68, amma na farko tafiyarsa 45, cikinsa 163, na biyu tafiyarsa 54, cikinsa 196. Manomin rani da ke Jibiya ko Ajiwa zai ga injinan biyu kamar tagwaye a kasuwa, bambancin yana cikin kiranshaf. Wanda ya ce zai ɗauko kiranshaf na babban ya jefa cikin ƙaramin, ya tuna ƙarin milimita 9 ɗin nan rabuwa yake yi biyu: 4.5 ƙasa, 4.5 sama. In ba a daidaita bulok da fistin da kwanrod ba, fistin zai je ya daki tof silinda.

Lura da cewa faɗi sau biyu yake shiga lissafin, tafiya sau ɗaya. Ƙarin kashi 10 cikin 100 a tafiya yana ƙara ciki da kashi 10, amma irin wannan ƙarin a faɗi yana ba da kashi 21.

Na biyar, raba faɗi da tafiya

A nan ne za ka san halin injinka. In amsar ta zama 1, faɗi da tafiya sun zo daidai, kamar Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da aka kwaikwaya daga gare shi, 50 da 50, ciki 98. In ta haura 1, injin mai faɗi ne gajeren tafiya. CG125 yana ba da 1.14. Peugeot 504 mai lita biyu, wadda aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna, 88 ce da 81, wato 1.09, cikinta 1971. In kuwa amsar ta gaza 1, dogon tafiya ne. Golf 3 mai injin 1.8 da ke jigila tsakanin Katsina da Daura 81 ce da 86.4. Corolla mai injin 1ZZ 79 ce da 91.5. Tsohon Lister mai doki shida, wanda ƙararsa ta raini da yawanmu a gidajen niƙa, faɗinsa inci huɗu da rabi, tafiyarsa inci biyar da rabi, wato 114.3 da 139.7, silinda ɗaya tal mai ciki 1433, yana juyi 650 a minti.

A gareji ana cewa dogon tafiya shi ne mai ja, mai faɗi shi ne mai gudu. Maganar tana da gaskiya, amma dalilin da ake bayarwa rabi ne. Ana cewa dogon tafiya kamar sifana mai dogon hannu ne, ya fi murɗa kiranshaf. Haka ne. Sai dai in cc ɗaya ne, mai dogon hannun nan kan fistin ɗinsa ƙarami ne, ƙarfin da wuta ke danna shi da shi bai kai na mai faɗi ba. Dogon sifana a hannun yaro, gajere a hannun ƙato: abin da aka samu a nan an rasa a can, sai lissafin ya tashi kusan kunnen doki.

Ainihin bambancin yana wurin numfashi. Bawul a cikin da'irar silinda suke zaune. Rami mai faɗi yana ɗaukar manyan bawul, iska ta shiga ta fita a yalwace ko da inji na juyi da sauri ƙwarai, shi ya sa ƙarfinsa yake can sama, sai an murɗa masa totur. Siririn rami bawul ɗinsa ƙanana ne. A ƙaramin juyi iska na kutsawa ta cikinsu da sauri, ta gauraya da mai sosai, inji ya ja tun daga ƙasa, amma da juyi ya yi yawa sai numfashi ya gaza. Ga kuma ɗakin wuta. A siririn rami ɗakin a dunƙule yake, wutar fulogi ba ta da nisan tafiya kafin ta cinye man, zafin da ke zurarewa ta bango kuma kaɗan ne. Wannan ne ya sa mafi yawan motocin zamani da aka ƙera don tsimin mai suka koma dogon tafiya. Ko a Bajaj an ga haka: akwai injinsu na ajin 100 mai 53 da 45, akwai kuma na baya-bayan nan mai 47 da 58.8, ciki 102. Duka biyun a baki "Bajaj 100" ne, amma fistin ɗin ɗaya ba zai shiga ɗayan ba. Kada ka aiki yaro kasuwa da sunan mashin kawai, ba shi lambar faɗi, in da hali ka haɗa masa da tsohon fistin.

Wani lokacin ma ba injiniya ke zaɓa ba. A Ingila, daga 1921 har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, harajin mota ana lissafa shi ne da faɗin silinda da yawansu, ba a duba tafiya. Sai kamfanoni suka yi ta ƙera injina sirara masu dogon tafiya domin mai saye ya biya kaɗan.

Na shida, duba gudun fistin

Wannan lissafin 'yan acaɓa da direbobi ya fi shafa. Tafiya a milimita, sau 2, sau juyi a minti, a raba da 60,000. Amsar ita ce mita nawa fistin ke shafewa a daƙiƙa ɗaya.

Lister a juyi 650 yana yin mita 3 kacal. Ga sirrin daɗewarsa nan, injin da kaka ya saya jika ya gada. Janareto mai GX200 yana juyi 3000 domin ya ba da wuta irin tamu, fistin ɗinsa na yin 5.4. CG125 in an matse shi ya kai 8000, yana yin 13.2. Corolla a 6000 tana yin 18.3, kuma injinan motocin hanya ba kasafai suke wuce 20 da nisa ba. Motocin tseren Formula 1 na shekarun 2009 zuwa 2013 suna kaiwa juyi 18,000, abin da ya yiwu saboda faɗinsu 98 ne, tafiyarsu kuwa ba ta wuce wajen 40 ba, duk da haka fistin na yin kusan mita 24. A ɗaya gefen akwai injin jirgin ruwa na Wärtsilä RTA96-C, faɗin santimita 96, tafiyar mita biyu da rabi, juyi 102 a minti, fistin na yin 8.5.

Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, a juyi ɗaya, fistin ɗin dogon tafiya ya fi wahala. In injinka irin wannan ne, kada ka riƙa jan giya har ya yi kururuwa, sa masa ta gaba da wuri, a nan yake jin daɗi. In gajeren tafiya ne kuma, kada ka danne shi a babbar giya da kaya yana kakkarwa, rage masa giya ya sami juyi.

Na bakwai, yanke shawarar borin

Mu koma kan matashin nan. Leɓen silindarsa ya nuna 56.5, bai taɓa shiga borin ba. Zobe ya nuna cin kusan 0.10, ga zane biyu marasa zurfi. Na ɗauki wayarsa na buga masa lissafin a gabansa. Borin na farko, 56.75, ciki zai tashi daga 124.1 zuwa 125.2. Na ƙarshe da yake nema, 57.5, zai kai 128.5. Ƙarin cc huɗu da ɗan ɗoriya ke nan, ƙasa da kashi 4 cikin 100, abin da ba zai ji a hannunsa ba in ya ɗora buhu. A kan wannan ɗan ƙarin zai ƙone damar gyara uku da bulok ɗin ke da ita nan gaba, bango ya ƙara sirancewa, kuma ranar da ya sake ci sai dai a sa silib, wato sabon bangon ƙarfe a cikin ramin, ko a sayi sabon bulok.

Na ce masa, "Ɗana, ƙarfin da ka rasa ta gefen zobe yake zurarewa. Borin rufe wannan ɓarakar yake yi, ya maido maka da abin da kamfani ya ba ka. In ja kake so fiye da haka, a ƙara haƙori biyu ko uku a sifiroket ɗin baya, ka haƙura da ɗan gudu." Ya yi shiru, sannan ya ce a yi na farkon.

Ƙa'idar ita ce a je borin mafi ƙanƙanta da zai share cin da zanen. Kuma fistin ake fara saye, a kai wa mai borin tare da bulok, domin ramin ake yankawa daidai da fistin ɗin da ke hannu, ba daidai da abin da aka rubuta a kwali ba. Fistin ana auna shi a ƙasan siket, ta gicciyen fin, domin kansa da gangan aka rage shi saboda zafi. A ƙananan injina ratar da ake bari tsakaninsa da bango 'yar kaɗan ce, wajen 0.02 zuwa 0.05 na milimita. In ta matse, fistin zai kama da zarar ya yi zafi. In ta yi yawa, zai riƙa ƙwanƙwasa tun ranar farko. In tu-sitirok ne, ka tabbatar an goge kaifin bakin tagogin da ke jikin silinda, in ba haka ba za su karya zobe.

Da bulok ya dawo, duba bangon a rana. Ya kamata ka ga siraran zane masu gicciye da juna, su ne ke riƙe mai. Wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ba fetur kaɗai ba, ka yi ta gogawa da farin tsumma har ya daina fitowa da toka-toka, ka busar, ka shafa mai nan take kada ya yi tsatsa. Sa sabon zobe a ramin ka auna bakinsa kafin ka ɗora shi a fistin. Abin da aka saba bi shi ne faɗi sau 0.004, wato a rami mai 56.75 kana neman wajen 0.23. In ya gaza, goge bakin a hankali da ƙaramin magagari mai laushi. Wajen haɗawa kada bakunan zobba su hau layi ɗaya, kibiya ko alamar da ke kan fistin kuma ta kalli inda littafin injin ya ce.

Kilomita ɗari biyar na farko ban da lodi mai nauyi, ban da murɗa totur har ƙarshe, kuma a juye baƙin mai da wuri domin garin ƙarfen da zobe ya goge yana ciki. Sannan a buɗe akwatin iska. Na matashin nan da muka buɗe, soson ya yage, ƙurar hunturu ta kwanta jawur har cikin maƙogwaron kafireto, ita ce ta ci masa silinda. Sai da muka sa sabon soso, muka ɗan jiƙa shi da mai muka matse, sannan na bar shi ya tayar da injin. A bayan murfin batir kuma na rubuta masa da fenti: 56.75 da 49.5.